Layu Bakwai a Salansar Lawwali

Maigandi baduku taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya, ni ɗan namiji shi ɗan mace, saboda haka bawana ne tun ran da anka yanke mashi cibiya, ko da yake in ka tambaye shi zai ce maka ni ne bawan. Ya girme ni da shekara shida. Ni sunana Bilyaminu. Na gama firamare, na taka sakandare da ƙafa ɗaya na janye, yanzu buhun albasa nake ɗinkawa a kasuwar Goronyo in lokacinta ya yi.

An haifi Maigandi a ƙauyenmu, tsakanin Lahodu da Wurno. Gwaggo, Allah shi jiƙanta, ta ce kwana uku ya yi yana kallon nono kafin ya yarda ya kama. Haka ya taso. In an ba yara dabino kowa ya cinye nashi, shi yana nan yana juya nashi a hannu yana neman inda tsutsa ta shiga. A makarantar allo shekara guda ya yi a kan allon farko, ba don kansa ba ya ja ba, sai don ya fi son duba jijiyar katakon da abin da anka rubuta a kai.

Ubansa Haliru ya koya mashi dukanci, kuma abu ɗaya ya fi nanata mashi: in an miƙo maka fata, ka juya ta ka duba cikinta, don mai sayarwa bayanta kawai yake gyarawa. Maigandi ya riƙe wanga abu ya wuce da shi inda ubansa bai nufa ba. Masu fatar akuya a Goronyo in sun hango shi tafe, wasu sai su tuna ba su yi walaha ba. Zai ɗauki fata ya juya, ya shinshina, ya ɗaga ta wajen rana, ya nuna maka inda wuƙar mahauci ta zame tun akuyar tana da rai. Matarsa Hawwa shekara biyu ya yi yana duba ta daga nesa. Da ba don ita ta gaji ta aika a tambaye shi ko lafiya ba, da har yau yana tsaye bakin rijiya.

Aikinsa takalmi, kube, gafakar Alƙur'ani, da ɗinkin laya. Malam ya rubuta ya naɗe, shi ya suturta da jar fata, bai taɓa tambayar mi ke ciki ba. Rumfarsa sanduna huɗu ce da zana, a jingine da katangar gidan Lawwali, daidai inda hanyar Wurno ta ratsa gari. Uban Lawwali ne ya ba uban Maigandi wurin, da baki, gaban mutanen da duk sun rasu. Duk mai tsinkakken takalmi da ya sauka daga mota nan yake fara gani. In ka ɗauke rumfar daga wurin ka kai ta lungun su Maigandi, sai awaki za su riƙa kawo mashi aiki.

Lawwali manomin albasa ne, mai ƙoƙari, mai saurin hawa. Shekara biyu da sunka wuce ya so ya fasa katangar daidai wurin rumfar ya yi ƙofar da motar albasa za ta riƙa tsayawa. Hakimin garinmu ya ce a'a, abin da uba ya bayar ɗa ba ya amshewa. Tun daga nan tsakaninsu sai ina kwana, ita ma a taƙaice.

To, bara, damina ta ja baya, lokacin rainon irin albasa ya yi. Lawwali ya je bukkar gonarsa ta fadama ya jawo injin ban ruwa da ya kwana wata uku ba a taɓa shi ba. Ya ja igiya, inji ya yi tari ya yi shiru. Ya ja har kafaɗarsa ta kusa barin jikinsa. Ya canza fulogi, ya canza mai. Daga ƙarshe ya zura waya a bakin salansa, bututun da hayaƙi ke fita, sai ga wani abu kore ya faɗo, sai wani, sai wani, har bakwai. Kowane kamar gaɓar ɗan yatsa, ganye ne an naɗe shi tsaf, an rufe bakinsa da wani ganyen da anka yanka zagaye kamar maɓallin riga. Ya ɓare ɗaya, ya tarar da wani rawayan abu mai danƙo da farar tsutsa kwance a kai. Ya waiwaya wajen waken da ke gefen bukkar, ya ga ganyen duk an ɗebe mashi gefe, wani yanka zagaye wani dogo, sumul, babu tsagewa ko ɗaya.

Ya zuba su a hula ya taho gari. Ni ina zaune wajen mai shayi, kusa da rumfar, shi Maigandi ya tafi Wurno sayen zare. Mutane sunka taru a kan hular. Wani ya ce a'uzubillahi, layu ne, wani ya ja da baya. Ni kuma na leƙa na ce, "Kai! Wanga ɗinki ko cikin barci na san shi. Hannun bawana na. Wa ad da haƙurin ga duk ƙasar Wurno in ba Maigandi ba?"

Na jira dariya. Da a gidanmu ne, da an yi ta, don kowa ya san tun muna yara duk abin da ya ɓace ko ya lalace a duniya Maigandi nake ɗora wa, shi ma ni yake ɗora wa. Na taɓa cewa shi ya sa Madatsar Goronyo ta ƙafe. Amma ranar babu wanda ya yi dariya. Lawwali ya dube ni ya ce, "Kun dai ji. Ɗan uwanshi na yaf faɗi." Ya juya wajen rumfar, ya ɗauki mahujin Maigandi, wani ƙarfe mai zagayayyen baki da ake bugawa ya fidda fata kamar kwabo, ya ɗora shi a kan marufin ganyen. Ya zauna daidai, ko kusa da daidai, kuma ga wanda ya riga ya yanke hukunci duk ɗaya ne.

Kafin Maigandi ya dawo daga Wurno magana ta riga shi isowa gida ta ci abinci ta yi wanka. Washegari mata uku sunka aiko a amso takalmansu ba a gyara ba.

Ranar Juma'a da safe anka zauna a zauren Baba Hakimi. Lawwali ya ce an yi mashi sammu don irin albasarsa ya ƙone, kuma ba zai ƙara zama bango ɗaya da mai yi mashi haka ba. Ni na tashi na ce wasa nake. Lawwali ya ce jiya gaskiya ce yau ta koma wasa. Shi kuwa wanda ake magana a kansa yana zaune ya ɗaga kai yana kallon rufin zauren kamar ya zo sayensa.

Hakimi ya ce, "Maigandi, ana magana."

Ya sauko da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, ban yi ba."

"Ka rantse?"

"In na rantse, Baba, ko mura nay yi bana za a ce rantsuwa ta. In akuyata ta mutu a ce ita ta. Rantsuwa ba ta wanke ni. A ba ni kwana bakwai in kawo wanda yay yi."

Hakimi ya ce an ba shi. In Juma'a ta zagayo bai kawo ba, ya tsige rumfarsa da hannunsa. Ya ce kada a taɓa injin, a mai da shi inda yake. Ya kuma ce tunda Maigandi ba zai shiga gonar Lawwali shi kaɗai ba, ni zan riƙa raka shi, bakina ya jawo, ƙafata ta biya.

A hanya na ce mashi, "Bawa, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Yankan ga daga gefe aka fara shi. Ka lura?"

"Mi?"

"Mahuji tsakiya shika ci, kuma sai da katako ƙarƙashi. Wanga duk daga bakin ganye yat tashi. Ba fara ba ta, fara tana barin tsagewa. Tsutsa kuma ba ta iya da'ira." Haƙurin da na ba shi bai ma ji ba.

Asabar da Lahadi munka yi su a gonar. Shi ya zo da gorar roba da tabaransa mai ƙafa ɗaya ta fata, ni na zo da gyaɗa. Ya ce tunda akwai tsutsa a ciki, to mai shi ƙwaro ne, kuma duk abin da ya tashi a gonar sai ya kama shi ya duba. Ya kama ƙudan zuma. Ya kama galla, 'yar ƙaramar nan mai bin gumi. Ya kama zanzaro mai siririn ƙugu, ya ce wanga magini ne, da laka yake aiki, bai san ganye ba. Duk wanda ya kama sai ya busa mashi hayaƙi a gorar har ya lafa, ya kafe shi da ƙaya a kan wani guntun kirgi, a jere. Ranar Lahadi da azahar ya kai hannu ga rina. Rina ba ta son bincike. Fuskarsa ta kumbura har da munka dawo gida Hawwa ta yi mashi sannu da zuwa irin ta baƙo, ta ce mai gidan ba ya nan. Sai da anka shigar da shi zaure a kaikaice.

Hawwa ce ta kawo abin da ya fi komi amfani, kuma a cikin faɗa ta kawo shi. Tana shafa mashi toka a kumatu tana cewa manya biyu sun bar aiki suna farautar ƙuda da tsakar rana, ita kuwa da hantsi tana tsinkar tafasa a bayan gida ta sha ganin ganye yana tafiya sama da kansa.

Maigandi ya buɗe idon da ya rage mashi. "Mi kic ce?"

"Guntun ganye. Yana tashi, da wani abu bisa kai awa mutum ya hau tabarma."

"Tun yaushe?"

"Tun ina ɗiya. Wa at tambaye ni?"

Mu kullum sai rana ta take muke isa gonar, don ni ba na fita sai na karya. Litinin tun raɓa ba ta bushe ba ya tsaya a kaina.

Munka zauna kusa da bukkar, ido a kan bakin salansa. Hantsi na ɗagawa sai ga wata 'yar halitta baƙa mai farin zane a gadon baya tana shawagi a wurin. Maigandi ya kifa mata gora. Na ce alhamdulillahi, a tashi a je wajen Hakimi. Ya busa hayaƙi, ya zazzage ta a tafin hannu, ya gyara tabarau, sannan ya yi abin da ubansa ya koya mashi, ya juya ta.

"Ba ita ba ta."

"Maigandi, a bakin ramin munka kama ta."

"Dubi cikinta, sumul awa ƙwarya. Dubi ƙafafun, su ma babu komi. Rawayan abin ga da ke cikin naɗin garin fure na. Da mi tad ɗauko shi? Kuma dubi gindin, tsini gare shi awa basilla. Wagga ba ma'aikaciya ba ta."

Ya kafe ta a kirgi duk da haka. Ba a jima ba wata irinta ta zo, ya ce a bar ta. Ta sauka a kan ƙarfen injin ta yi lamo, kamar mai jiran mota. Can sai ga ganyen Hawwa tafe a sama. Guntun ganyen wake ne, an lanƙwasa shi, wata halitta ta rungume shi da ƙafafu tana tuƙa shi. Ta shige salansa da shi, ta daɗe, ta fito ta wuce. Tana wucewa mai tsinin nan ta sauko ta leƙa, ta shiga, ta ɗan jima ta fito ta yi gaba abinta.

Maigandi ya ce, "Ka gani? Wata na gini, wata na jiran a fita ta shiga ta aje nata. Ba ta yanka, ba ta ɗauka, sai shiga gidan mutane da ɓata masu aiki." Ya dube ni ta saman tabarau. "Na sa mata suna Bilyaminu."

A makon nan ba ni da bakin ramawa.

Mai ganyen ba ta kamu ba sai Talata. Ya riƙe ta da tsumma, ta ɗan sakar mashi harbi, ya ce bai kai ƙayar aduwa ba. Ya daɗe a kanta har gyaɗata ta ƙare. Tsawonta kusan na zuma, amma ta fi zuma kauri, gajeren wuya, ƙaton kai kamar na ɗan dambe. Bakinta wasu muƙamuƙai ne masu faɗi da haƙora, suna haɗuwa kamar almakashi. Bayanta baƙi da siraran fararen layuka. Da ya juya ta, cikinta duka gashi ne cunkus, kamar burushin takalmi, ya yi rawaya da garin fure. Ya ɗauko zuma daga kirgi ya jera su. Zuma a ƙafafun baya take ƙunsa garinta, dunƙule biyu, cikinta babu komi. Wagga kuwa a ciki take ɗauka, shi ya sa in ta sauka a fure take ɗage gindi sama.

Ya warware naɗi ɗaya a hankali da bakin allura, ya shimfiɗa guntayen a kan gwiwa. Dogayen yanka su ne jiki, an jera su wani kan wani. Zagayayyun su ne marufi, har guda huɗu a baki ɗaya. Ya ce, "Ba zare, ba ƙaro. Ni ban iya wanga ba." Tunda nake da shi ban taɓa jin ya faɗi haka a kan aikin kowa ba.

Mai ganyen da ya kama Talata ya kafe ta a kirgi. Laraba wata ta ci gaba da aiki a wani guntun tiyo da ke rataye a bukkar, da wata kuma a salansar. Ta salansar ya kama ta a hankali, ya dama farar ƙasa da ɗan ƙaro, ya ɗiga mata a tsakiyar baya da tsinke, ya sake ta. Ya ce don kada a ce wadda ta yanka daban, wadda ta shiga daban. Alhamis munka zauna munka ga mai ɗigon ta yi sawu goma sha ɗaya.

Juma'a da hantsi na ɗauko Baba Hakimi a bayan babur zuwa fadama. Lawwali na can da mutum kamar goma. Anka shimfiɗa wa Hakimi buhu a inuwar bukka. Maigandi ya aje kirginsa a gabansa, ƙwari bakwai a jere, ya nuna ta ƙarshe ya ce ga mai laifi.

Lawwali ya leƙa ya ce, "Zuma ta. Kwana bakwai ka yi ka kamo muna zuma? Wa bai san zuma ba? Ta taɓa ɗinka laya?"

Maigandi ya miƙa wa Hakimi tabaransa. Ya juya zuma, ya juya ɗayar. "Baba, duba cikin wagga, duba na wagga. Duba kai. Duba baki."

Hakimi ya duba ya daɗe. "Wagga gemu gare ta a ciki."

"Shi na, ranka shi daɗe. Zuma da jama'a taka zama, ta yi saƙa. Wagga ita ɗai taka zama, ba ta da zuma ko ta lasawa. Rami taka nema, ta yi ma ɗanta ɗaki da ganye, ta aje mashi abinci ta rufe."

Lawwali ya ce baki dai. Maigandi ya ce a zauna a yi shiru.

Anka zauna. Rana ta fara cizo. Wani ya ce yana da ban ruwa, wani ya fara gyangyaɗi. Ni kuwa na fara lissafin inda za mu kai sanduna huɗu da zana. Sai Maigandi ya ɗaga yatsa. Ta sauka a gefen ganyen wake, taku uku daga gwiwar Lawwali, da farin ɗigonta a baya. Ta hau bakin ganyen kamar mai hawan jaki, ta kafa baki, ta juya jikinta. Kafin mutum ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ta fidda da'ira, ta tashi da ita, ta wuce ta gaban hancin Hakimi ta shige salansa. A ganyen ga gurbi nan sumul, sabo, yana ɗan ruwa.

Mutane sunka yi salati. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna abin da bakina ya jawo, na rufe.

Lawwali ya miƙe. Fuskarsa ba ta sauka ba. Ya ce, "To, na gani. Ita tay yanka. Wa ya aiko ta? Ku duba bayanta, har lamba yas sa mata awa tunkiya. Ya san lokacin zuwanta, ya san inda taka sauka. Duk fadamar ga ba ta ga injin kowa ba sai nawa?"

Sai na ga kawuna sun fara gyaɗawa. Mutum biyu da sunka matso kusa da Maigandi sunka koma inda sunka fito. Ɗigon da ya sa don ya wanke kansa shi ya zama shaida a kansa, kuma ni kaina da ban san shi ba da na ce maganar Lawwali ta zauna.

Maigandi ya naɗe kirginsa ya ce, "Baba, a koma zaurenka."

Anka koma, ana ta gunaguni a hanya. Da munka shiga ya roƙi izini, ya taka turmi, ya kai hannu ga rufin da ya yi ta kallo ran nan, ya zaro kara ɗaya daga cikin waɗanda anka jera a kan azara. Bakin karan a toshe yake da wani abu zagaye. Ya tsaga shi da wuƙar aiki a gaban Hakimi. Naɗi shida a jere, irin na hular Lawwali sak, sai dai waɗanga sun bushe sun yi baƙi, kowane da hujin da mai shi ya fita. Ya zaro na biyu, haka. Na uku ganyensa ko bushewa bai yi ba.

"Ranka shi daɗe, yaushe anka yi rufin ga?"

"Shekarar ambaliya."

"To in ni nika aiko ta, da gidanka nif fara."

Hakimi ya ɗaga kai ya bi rufin da kallo. Duk inda ka duba ga bakin kara a toshe, sun fi a ƙirga. Ya juya naɗi ɗaya a hannu ya murƙushe shi ya zama gari. Ya ce, "Lawwali, kai bakwai anka yi maka. Ni shekara goma sha ina zaune ƙarƙashin ɗari, na aurar da ɗiya biyar, haƙorina ɗaya bai faɗi ba. Je ka sake zura waya ka ta da injinka. Rumfa tana inda take."

Sannan ya juyo kaina. "Kai kuma, wasan taubashi a cikin gida aka yin shi, inda anka san ku. In ka kai shi bakin hanya ba kowa ka jin shi wasa ba." Na ce na ji, Baba.

Lawwali bai ba da haƙuri ba, kuma babu wanda ya sa rai. Injinsa ya tashi a ja na biyu. Takalman matan nan uku sunka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilin da ya sa ta amsa tun farko. Akwai mutum biyu ko uku a gari da har yau sun fi yarda Maigandi na da ƙwari masu yi mashi aike, kuma su ne sunka fi kowa kawo mashi ɗinkin laya.

Shi dai ya ɗaure damin kara ya rataye a ƙarƙashin zanar rumfar. Bana masu yankan ganyen sun cika shi. Yanzu ya ce iri uku ne a ƙasarmu: mai rawayan gashi a ciki, mai ja, da wata ƙarama mai farin gashi da baƙi a ƙarshen gindi, wadda ta fi son tafasa. Ya ce namijinsu ba ya da gashin cikin, ba ya yanka komi, yawo kawai yake tsakanin furanni. Na ce wanga kuma wane suna ka sa mashi, ya ce sunan ya riga ya ƙare a kan ta farko. In ka kawo takalmi kana sauri kada ka tambaye shi mi ke cikin karan, don motarka za ta tafi ta dawo ta sake tafiya.

Da damina ta kusa faɗuwa bana, ina zaune a rumfar, sai ga Lawwali ya fito daga gida da salansa a hannu, ya kwance ta daga injin zai aje shi. Ya tsaya ya yi sallama, ya dubi damin karan, ya dubi hanya. Ya ce, "Marufi nika so. Na fata. Wanda ba ta iya shiga."

Maigandi ya amshi salansar, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya auna bakin da zare. Ya jawo guntun jar fata ya ɗora a kan katako, ya ɗauko mahujin nan ya buga sau ɗaya. Ya ce ya dawo bayan la'asar. Lawwali ya ce zai jira, ya ja benci ya zauna a inuwar rumfar.